Wa Zai Busa wa Motar Kara Rai?

Da zarar an gama girbin dawa a ƙasar Kabi, aka tara kara a bayan gari, sai wata ƙaramar masana'anta ta buɗe, wadda ba ta da rajista kuma ba ta biyan haraji. Ma'aikatanta da wuya su wuce shekara 12. Kayan aikinsu tsohuwar reza ce da tsinken tsintsiya, sai haƙuri. Yaro zai feƙe ɓawon kara ya fitar da totuwa, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya riƙa soka siraran ɓawon yana haɗa gaba da baya har bodi ya tashi. Taya daga tsohon silifa ake yanko ta, ko a huda murfin kwalba. Wanda hannunsa ya faɗa yakan bar kara ya koma gwangwanin madara da langa-langa da waya, ya sa dogon sitiyari da zai riƙe yana tsaye, tayoyin gaba na juyawa da gaske in ya sha kwana. A Birnin Kebbi da Argungu, inda manyan motoci ke dakon shinkafa daga fadama zuwa injinan casa, yaro bai rasa abin kallo ba. Tirela yake so, ko tifa, har da wurin da karen mota zai maƙale.

Ana cikin haka sai wani yayansa da ya fara zuwa karatun dare ya tsaya a kansa ya ce, "Kai dai ci gaba. Ranar ƙiyama za a ce ka busa mata rai." Wani yaron zai yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Wani kuwa maganar za ta shige shi, ya taka motar da ƙafa, ya bar ta har abada.

A can Amurka akwai dattawa masu furfura da suke irin wannan aiki, sai dai da roba da gam da fenti mai tsada. Abin da suke kwaikwaya shi ne tsofaffin motocin wani irin tsere da ba a saba da shi a nan ba. Motoci biyu ne ke jerawa a kan miƙaƙƙiyar hanya, ba kwana ba juyi, su fizga daga tsaye zuwa ƙarshen rubu'in mil, wato mita 402, wanda ya riga isa shi ya ci. Samarin Kalifoniya ne suka yayata shi a kan tituna, har Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye su daga titi a sa musu doka. Gwarzon fagen shi ne Don Garlits, mutumin Fulorida, wanda ya wuce gudun mil 200 a awa a 1964. A 1970 giyar motarsa ta tarwatse a bakin tashi, ta raba motar gida biyu, ta tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Da ya murmure sai ya fito da motar da injinta ke bayan direba a 1971, kuma kafin a ce kwabo kowa ya bi sahunsa. Daga nan aka rufe babin dogayen motocin nan da direba ke zama can ƙarshe tsakanin tayoyin baya, injin na huci a gaban fuskarsa.

Wannan babin da aka rufe shi ne masu ƙera ƙananan motoci ba su yarda ya ɓace ba. Kamfanoni irin su AMT da Revell da Monogram sun daɗe suna sayar da kwali cike da ɓangarorin roba, an rage girman kowane abu sau 25 ko sau 24, ta yadda motar da ta kai mita biyar za ta dawo santimita 20. Mai sha'awa na gaske ba ya tsayawa kan abin da ya tarar a kwali. Zai bi tsofaffin mujallu da hotuna ya gano irin fentin da motar ta sa a shekara kaza, ya ja wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa bututun mai, ya manna sunayen kamfanonin da suka ɗauki nauyin direban daidai inda suke a asali. Mota guda takan ci watanni. In ya gama kuma ba tura ta zai yi a ƙasa ba, akwatin gilashi zai sa ta.

Tsakanin yaron Argungu da dattijon Amurka akwai teku, akwai bambancin aljihu, sau da yawa har da na addini. Amma hannuwansu abu guda suke yi: suna ɗaukar siffar wani abu su maido ta ƙarama. Shin mai yin haka ya shiga gonar Mahalicci ne?

Barazanar da yayan nan ya yi ba daga iska ya ɗauko ta ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa masu yin surori za a azabta su ranar ƙiyama, a ce su rayar da abin da suka ƙaga, kuma duk wanda ya yi wata sura za a ɗora masa busa mata rai, alhali ba zai iya ba. Magana ce mai nauyi, ba wadda musulmi zai yi wa riƙon sakainar kashi ba. Sai dai yayan rabin darasi ya ji. Sauran rabin yana cikin ƙissar da ke tare da hadisin. Wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya gaya masa cewa da aikin hannunsa yake ci, kuma surori yake yi. Ɗan Abbas ya faɗa masa abin da ya ji daga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam. Mutumin ya firgita, fuskarsa ta sauya. Ɗan Abbas bai sallame shi da yunwa ba. Ya nuna masa cewa in lallai sai ya yi, to ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai.

A kan wannan layin malamai suka tsaya, har waɗanda aka sani da tsanani a babin. Imam Nawawi, Bashafi'en da ya rasu a 1277, ya haramta surar duk wani mai rai, ko a bango take ko a tufa ko a kuɗi, amma a sharhinsa na Sahihu Muslim ya ware bishiya da sirdin raƙumi ya ce babu haramci a cikinsu. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Birnin Kebbi tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa na Malikiyya ne, Risala da Muhtasar da sharhohinsu, kuma a can maganar ta fi fitowa fili. Shehu Ahmad Dardir, malamin Azhar da ya rasu a 1786, ya taɓo batun a babin walima, wajen lissafa abubuwan da ke sauke wa mutum wajibcin amsa gayyata. Da ya zo kan abin da ba dabba ba, misali biyu ya kawo na halal: bishiya da jirgin ruwa. Jirgin ruwa shi ne babbar motar zamaninsa, abin hawa da ɗan Adam ya sassaƙa da hannunsa. Yaron da ya sassaƙa ɗan ƙaramin kwalekwale a bakin kogin Matan Fada yana cikin nassin Dardir kai tsaye, mai motar kara kuma ba sai an wahala wajen kiyasi ba kafin a shigar da shi.

An samu mai saɓani, don ilimi ba ya rasa shi. Mujahid, almajirin Ɗan Abbas, ya ƙi surar bishiya mai 'ya'ya, yana dogaro da hadisin ƙudusin da Allah Ya ƙalubalanci masu kwaikwayon halittarSa da su halicci ƙwayar hatsi ko ta sha'ir. Alƙali Iyad ya ce babu wanda ya tafi a kan wannan sai shi kaɗai. Kuma ko a wurin Mujahid, ƙwaya halittar Allah ce da ke tsiro. Mota ba ta tsiro.

Me ya sa rai ne iyaka? A nan ne fiƙihu ke miƙa wa tauhidi magana. Ɗan Adam an ba shi ikon sarrafa siffa tun fil azal. An umurci Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi, an tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe ya saƙa sulke, kuma Alƙur'ani ya ambaci waɗannan a matsayin ni'ima. Abu guda aka riƙe ba a ba kowa ba, shi ne ruhi. Annabi Isa ya gina siffar tsuntsu da yumɓu, ya busa, ta zama tsuntsu, amma a wurare biyun da aka ba da labarin, a Ali Imrana da Ma'ida, an ɗaure shi da izinin Allah. Wanda ya sassaƙa doki cikakke ya tsayar da shi ya kawo aikinsa har bakin wannan ƙofa, ya bar mai kallo da jin cewa numfashi kaɗai ya rage. Wanda ya kwaikwayi Fijo kuwa aikin injiniyoyin Faransa da ma'aikatan Kaduna ya kwaikwaya. Babu numfashin da ya rage, domin asalin ma bai taɓa numfashi ba. Suratun Nahli, bayan ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin abin hawa da ado, ta ƙara da cewa Allah Yana halittar abin da mutane ba su sani ba, kuma masu tafsiri da dama na wannan zamani sun ga mota da jirgi a cikin ayar. Idan babbar motar ni'ima ce, da wuya a gane ta inda ƙaramarta ta zama tawaye.

Da nan maganar ta ƙare da an huta. Amma mota tana da kujera, kujera kuma tana kiran mai zama.

Yaro ya gama tirelarsa, ya ga gaban motar wayam, sai ya murza laka ya yi ɗan mutum ya ɗora a bayan sitiyari. Wasu kwalayen Amurka ma da ɗan direbansu na roba suke zuwa, da hular kwano da komai. Ga kuma zakin da ke goshin kowace Fijo, ga zakoki da gaggafa da masu fenti ke zanawa a bayan manyan motoci masu bodin katako. Malikiyya ba su zuba waɗannan duka a kwando ɗaya ba. Abin da suka haramta shi ne surar mai rai idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, kuma a zance mafi rinjaye ko da ba mai daɗewa ba ce, har Dardir ya kawo misalin wadda aka yi da ɓawon kankana. Zanen da ba shi da inuwa, kamar na bango ko takarda, makaruhi ne idan an girmama shi, idan kuwa a wurin da ake takawa yake to barinsa ne dai ya fi. Wadda aka rage wa gaɓa ta fita daga haramci. Da wannan ma'auni zakin bayan gingimari bai kai haram ba, dokin kara kuwa, da ba shi da ƙafa ko ɗaya sai ta mahayinsa, ba ya ma cikin lissafi.

Sannan ga rangwamen yara. Nana A'isha tana da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata rana iska ta yaye labule ya gan su, a tsakiyarsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaya, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, shi kuma ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda matan Madina ke yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura, don in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Tsofaffin littattafan Malikiyya 'yar tsanar 'yan mata suka ambata da suna, da hujjar cewa tana koya musu reno, wasu malamai kuma suka faɗaɗa rangwamen ga yara gaba ɗaya saboda hadisin Rubayyi'u bai ware mace ba. Baligin da ke son fita daga saɓani hanyarsa a buɗe take: ya bar kujerar ba kowa. Abin dariya shi ne wasu ƙwararrun Amurka ma haka suke barinta, ba don sun karanta Dardir ba, sai don direba zai rufe belt da giya da agogunan da suka ɓata makonni suna yi.

Akwai wani malami da ya kamata masu saurin yanke hukunci su san labarinsa. Shihabuddin Ƙarafi, mai littafin Zahira da Furuƙ, wanda ya rasu a Alƙahira a 1285, yana cikin manyan ginshiƙan mazhabar Malik. Shi da kansa ya ba da labari a littafinsa na usulu cewa ya ji an yi wa Sarki Kamil wata ma'ajiyar kyandir mai nuna sa'o'in dare, sai ya zauna ya ƙera irinta har ya yi ƙari. A tasa akwai zaki da idanunsa ke sauya launi kowace sa'a, in alfijir ya keto kuma wani ɗan mutum ya fito a sama da yatsa a kunne, alamar kiran salla. Ya ce abin da ya gagare shi kawai shi ne sa shi magana. Ba hujja ce ta shari'a ba, aikin malami ba nassi ba ne, kuma ana iya yi masa tambaya a kan zakin. Amma yana nuna cewa mutumin da ya fi kowa sanin ƙa'idojin mazhaba a zamaninsa bai ga zama da ƙarfe da waya ana ƙera ƙananan abubuwa a matsayin zubar da girma ba.

Inda batun ya fi zurfi shi ne wajen dattijon Amurka, ba wajen yaro ba. Yaro abin da ba shi da shi yake ginawa. Dattijon abin da ya wuce yake ginawa, don tunawa. Tunawa kuwa ita ce ƙofar da shirka ta fara shigowa ta cikinta. Buhari ya ruwaito daga Ɗan Abbas cewa Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, gumakan da aka ambata a Suratu Nuh, sunayen salihan bayi ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu a wuraren zamansu don a riƙa tuna su. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilimi ya gushe, jikoki suka tarar da abu a tsaye ana girmama shi, suka faɗi suka yi sujada. Wanda ya karanta wannan sannan ya ga ɗakin da aka jera motocin gwarzaye a gilashi, da fitila a kansu, da sunan kowane direba a ƙasa, ba laifi in gabansa ya ɗan faɗi.

Amma in aka bi wannan tsoron har ƙarshensa, to sai an rufe gidan tarihi na Kanta da ke Argungu. Ginin nan fadar sarakunan Kabi ce har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958, kuma cike yake da masu da takubba da tambura da kayan kamun kifi, duk an ajiye su ne don tunawa da mutanen da suka shuɗe. Bikin kamun kifin Argungu kansa tunawa ce: ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin da ya ɓatar da mutanen Nuhu fuska ce ta mutum da ake jin yana da matsayi a wurin Allah, wanda zuciya za ta iya roƙo. Motar Garlits kuwa, ko babbar da aka ajiye a gidan tarihin Smithsonian a 1987, ko ƙaramar da ke kan kantar wani, abin da take tunatarwa shi ne yadda aka ɗaura inji, da kuskuren da ya ci ƙafar mutum, da gyaran da ya biyo baya. Ba a taɓa jin wanda ya nemi haihuwa a wurin kafireto ba. Haɗarin da ke wurin na zuciya ne, irin wanda ke cikin kowace dukiya: alfahari da tarawa, da son a ce wane ya fi wane.

Masu falsafa ma sun yi wannan gardama tun kafin Musulunci, ta wata fuskar. Aflatun na Girka ya raina mai kwaikwayo. A ganinsa gado uku ne: akwai ainihin gado da ke wurin Ubangiji, akwai wanda kafinta ya yi, akwai wanda mai zane ya zana yana kallon na kafinta, kuma na ukun nan ya yi nisa da gaskiya har hawa biyu, bai san komai game da gado ba sai yadda yake bayyana ga ido. Almajirinsa Aristo bai yarda ba. Ya ce ɗan Adam ya fi kowace halitta kwaikwayo, kuma da shi yake fara koyon komai. A kan motar kara dai Aristo ne ya yi gaskiya, kuma kowane bakanike zai shaida. Yaron da tayarsa ta ƙi juyawa dole ya gano cewa ramin ya matse sandar. Wanda tirelarsa ke kifewa a kwana dole ya gano cewa ta yi tsawo sama fiye da faɗinta. Mai kallo daga bakin titi bai taɓa sanin waɗannan ba.

Akwai ma abin da Aflatun bai hango ba: a masana'antar mota, ƙaramar ce ke riga babbar zuwa duniya. Tun da Harley Earl ya kafa sashen zane a kamfanin General Motors a 1927 ake fara gina mota da wani irin yumɓu, ƙarama sannan mai cikakken girma, a kankare a shafe a duba ta kowane gefe kafin a taɓa ƙarfe, kuma zuwan kwamfuta bai kashe wannan al'ada ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a irin waɗannan ɗakunan zane a Birnin Kebbi ya yi karatu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka haifa a Kaduna a 1966, yaro ne mai zanen motoci tun yana ƙarami. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Waziri Umaru, ya gama a 1988, fannin da ɗalibi ba ya fita sai ya iya tayar da gini da kwali kafin a tayar da shi da siminti. A 1990 gwamnatin jihar Sakkwato ta ɗauki nauyinsa zuwa Ditroyit, ya gama a 1994, General Motors ta ɗauke shi. Shi ya jagoranci zanen jikin samfurin Chevrolet Volt, motar lantarki da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka kira shi gida ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa, NADDC, kuma da bikin Argungu ya dawo a watan Maris na 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, hukumarsa na cikin waɗanda suka tayar da jerin gwanon motocin da aka harhaɗa a Najeriya daga Abuja zuwa Argungu.

Ba kowane mai motar kara ne zai zama Jelani ba, kuma halaccin wasan bai rataya a kan haka ba. Wannan ya kamata a faɗa, domin akwai masu ganin cewa abu ba ya halatta sai ya kawo albashi. Imam Gazali, a cikin Ihya, ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau in ya taso daga makaranta, domin hana shi da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dusashe basirarsa, har ya fara neman dabarar tsere wa karatun gaba ɗaya. Bai ce sai wasan zai zama sana'a ba.

Ga babba kuwa ma'aunin ba na sura ba ne, na lokaci ne da dukiya. Alƙur'ani ya kira rayuwar duniya wasa da shagala, ya kuma kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu. Magidancin da zai sayi kwalin roba da kuɗin waje alhali gidansa ba hatsi, ko ya ji kiran salla ya ce bari fenti ya bushe, laifinsa a bayyane yake, amma laifi ne da zai iya yi da ƙwallo ko waya ko hira a majalisa. Wanda ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa, ya zauna da dare yana jan wayar fulogi da hantsaki, bai fi mai kiwon tantabara ko mai gyaran sirdin doki don hawan salla buƙatar kare kansa ba. Kuma in ana maganar ɓarna, ƙaramar motar ba ta taɓa kashe kowa ba. Babbar ta kashe: mutuwar direba Scott Kalitta a 2008 ce ta sa NHRA ta rage wa motoci mafiya gudu tsawon fili zuwa mita 305. A garuruwanmu ma an san abin da wasan mota da na babur a wurin biki ke jawowa, kuma a nan ne ayar da ta hana mutum jefa kansa ga halaka take da wurin zama.

Hukuncin dai a fili yake: kwaikwayon mota, da kara ne ko da gwangwani ko da roba, halal ne a mazhabobin nan huɗu, saɓani yana kan ɗan direba ne kawai, shi ma ga yara akwai rangwame. Abin da ya rage na masu shirya bikin Argungu ne da masarautar Kabi da gwamnatin jiha. Bikin da ke da gasar tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da kokawa da dambe, har da jerin gwanon manyan motoci, bai rasa filin da zai keɓe wa yara masu ƙera ƙanana ba. A kira malaman injiniya na kwalejin Waziri Umaru su zama alƙalai, su zo da ma'auninsu, su duba wace ce tayarta ta fi juyawa, wace ce girman gabanta ya dace da na bayanta, wanda ya ci kuma a ɗauki nauyin karatunsa.